Zuwera Ba Ɗinki Ta Zo Koyo Ba

Shekara talatin Zuwera tana ɗinki a unguwar Kirkissoye. Da yawan ɗauke wuta ya ishe ta, sai ta haye gada zuwa lakwal, wato makarantar manya, a Yantala don ta koyi haɗa wutar sola. Mai rubuta sunaye ko tambayarta bai yi ba. Ya ga zane da kallabi, ya jefa ta ajin ɗinki. Wannan wane irin raini ne! Ta zauna tana huci, malamin yana nuna mata yadda ake zura zare a allura. Ta miƙe ta kama hannun rigarsa, ta kira shi yadda ake kiran malaman lakwal, ta ce, "Mushe, matarka ta kawo mini yadin nan bara. Ni na ɗinka." Ta ɗauki kujerarta ta nufi ajin lantarki.