Juyin Yaya Lawali

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Lawali mahauci, kuma har yau idan na ji kalangu a nan unguwarmu ta Adjamé sai raina ya ɓaci. Ana ta ce mini in bar wa Allah. Na bar masa, amma ban yi alkawarin yin shiru ba.

Muna yara aka zo da mu daga Maradi. Yaya ya tashi da wuƙa a hannu, sai dai baiwarsa a ƙafa take. Rawar mahauta rawa ce mai nauyi, a dira ƙafa, a buɗe ƙirji kamar mai tarar bijimi. Kowane gwani yana da takensa, kiɗan da ake kiransa da shi, kuma in an buga maka dole ka shiga fili. Jibo mai kalangu ne ke buga na Yaya. Kwano ɗaya suke ci.

A shekarun babban yaƙin Turawa, duk Lahadi Yaya kan haye gadar nan ta bisa ruwa ya je unguwar Treichville kallon gumbe, rawar samarin ƙabilar Jula. Tasu ba nauyi, tsalle ne da juyi. Ya ɗauko juyi guda, ya yi ta gyara shi a bayan gida muna masa tsiya, har ya zauna daram cikin kiɗan pawa: dira biyu, juyi a kan diddige, sai durƙuso.

Dattawan mahauta suka ce ya kwaso rawar 'yan bariki ya zuba cikin ta iyaye. Ba wanda ya kira shi ya gaya masa. Sai ranar wani biki bayan la'asar, Jibo ya buga takensa, Yaya ya shiga tsakiya. Yana kaiwa juyin nan, Jibo ya zare kalangun daga hammata ya ajiye a ƙasa. A wurinmu, in aka kira mutum da takensa sannan aka katse masa kiɗa, an kore shi daga fili ke nan har abada. Ina cikin mata, na ga yayana yana waige-waige, yana zaton fatar gangar ce ta fashe.

Washegari Jibo ya zo ƙofar gida ya ce, “Lawali, manya suka sa ni.” Yaya ya ce, “Da ba ka kira ni ba, Jibo.” Bai sake taka rawa ba har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ba bikin mahauta da ake tashi ba a yi juyin nan ba, kuma Jibo, da furfurarsa, shi ke kaɗa musu. Watan jiya Sani, jikan Yaya, ya yi shi a wani biki, sak kakansa. Na jawo shi gefe na ce, “Ka san wa ya fito da wannan?” Ya yi dariya. “Haba Kaka, ai na gargajiya ne, daga Maradi aka zo da shi. Baba Jibo ya gaya mana.”

Abin da ya rage na Yaya ke nan. Juyin yana nan a ƙafar kowa, har da 'ya'yan waɗanda suka kore shi, sunansa kuwa ko a gidansa bai tsira ba. Da sun binne rawar tare da shi, wallahi da na yafe musu.