Abin da Zai Kai Salwa Ƙasar Ƙanƙara

Ammariyya

Da 'yata Salwa ta ce jami'arsu za ta tura ta can ƙarshen duniya ta kudu, ta binciki wasu halittu masu ɓawo da ke cikin tafkunan gishiri a tsakiyar ƙanƙara, sai na ce ba inda za ta. Saboda abin da ido ma ba ya gani? Ta ce dangin halittun suna nan bakin teku, kudu da Jidda. Na ce to sai na gani.

Muna sallame asuba muka fita daga unguwarmu Ammariyya, ƙanena Hamza ne ke tuƙi. A unguwar Bagdadiyya muka sayi ful da tamis, wato wake da gurasa, muka ci a mota.

Hanyar Shu'aiba

A shingen bincike ɗan sanda ya duba iƙamarmu, takardar izinin zama, ya leƙa akwatin sanyin Salwa.

"Kifi za ku kamo?"

"Laka," in ji ta.

Ya ɗan dube ta, ya ce, "Yalla, ku wuce."

Inda kwalta ta ƙare Hamza ya tsaya, wai ƙasar za ta haɗiye mota. Ya ce, "Yaya, ki zauna, gwiwarki fa." Na ce ban zo zama ba. Na bi Salwa a ƙafa, gishiri yana ƙaras-ƙaras, har laka ta cinye mini takalmi ɗaya. Ita kuwa ta shiga ruwa har gwiwa tana kankare saman laka cikin kwalabe. Rana ta take, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Jami'a

Bayan azahar ta ɗiga ruwan a gilashi, ta sa ni na leƙa na'urar ƙara girma. Ga ɗan abin nan, fari, kamar dodon koɗi, ɗaki bayan ɗaki. Can sai ya miƙo wasu siraran zaruruwa, ya ja jikinsa. Na ce, "Subhanallahi, da rai!"

"Mama, na can a ruwan da ya kusa daskarewa suke, wata da watanni ba rana. Abgha a'rif, ina so in san yadda suke yi."

Na daɗe ban ɗago ba.

Gida

Mun iso ana kiran magariba, alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Hamza da alheri. A bakin ƙofa na ce, "Halas, shi ke nan, ki je, Allah ya tsare." Ta buɗe baki za ta yi godiya, Hausar ta ɓace mata. Sai ta kama hannuna ta sumbata.