Kaset ɗin da ya kashe mini teburin shayi

A shekarun da Gusau ta zama babban birnin jiha, ni matashi ne mai teburin shayi a bakin tasha. Kai, zamani ya yi daɗi! Direbobin Tsafe da na Bungudu ba sa tashi sai sun kurɓi nawa, rediyo na yi, ana musun ƙwallo da farashin gero, benci ba ya isa. Har yau in na ji ƙamshin citta da kanumfari sai zuciyata ta koma can.

Sai tari ya kama ni, mai tsanani, har da jini. Na rufe tebur na ce na tafi ƙauye, na yi ta shan maganin asibiti a ɓoye har likita ya ce na warke sarai. A cikin jinyar ne na sayi jiƙo wurin wani mai magani, irin masu yawo kasuwa-kasuwa da mota da lasifika. Bayan na miƙe na sake buɗe tebur muka gamu, ya yi ta murna, ya ajiye rikoda a gabana ya ce in faɗi yadda na ji, wai malaminsa kawai zai kai wa ya sa albarka. Ni kuwa baki kamar an buɗe famfo! Sunana, sana'ata, jinin, ban rage komai ba, ban kuma tambayi inda maganar za ta tsaya ba.

Ashe talla na yi masa. Wani direba ne ya ja ni gefe ya ce ya ji muryata ta lasifika ranar kasuwar Tsafe. Kafin ka ce kwabo an ji a Bungudu. Na je na roƙi mai maganin ya daina sa muryata, ya ce ai ba wuƙa ya sa mini a wuya ba, kuma yaransa sun riga sun kwafe kaset ɗin. Ba wanda ya zage ni, benci ne dai ya riƙa zama wayam. Wani dattijon direba da ke kirana ɗansa bai daina zuwa ba, amma ranar da ya zaro kofinsa daga aljihu yana kauce wa idona, na san teburin ya mutu. Wallahi na yi kuka.

'Yan uwa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu da kowa ke riƙe da waya, kafin ka faɗi ciwonka ka tambaya wa zai ji, kuma me za a yi da maganar. Ni a kaset ɗin nan na faɗa da bakina cewa na warke, amma jinin kawai mutane suka ji.