Ƙoshiyar Kakan Malam Ridwanu

Shekara goma sha ɗaya muka yi muna koyarwa tare da Malam Ridwanu a wata sakandare a Agege, ni lissafi, shi tarihi. Ban taɓa ganin ya shiga aji babu ƙoshiyar saƙa a aljihunsa ba. Ta kakansa ce, wanda ya yi saƙa a Kura. Mukan tsokane shi cewa gara ya manta alli da ya manta ta.

Da ita yake koyar da zamanin injuna da mulkin mallaka. Sai ya ɗora ta a tebur ya ce ɗan itacen nan ya ciyar da mutum ashirin. Sannan aka ƙera injin saƙa a Ingila, Turawa suka shimfiɗa layin dogo, jirgi ya kwashi audugarmu ya dawo mana da yadi mai araha. Yakan kai ɗalibai har bakin dogo su gani da idonsu. Yaran da ko garin kakanninsu ba su sani ba, sai ka ga sun kasa kunne.

Bana Hajiya Laila, mai makarantar, ta kafa talabijin a ajinsa, cike da darussan da aka naɗa. Ta kira shi ofis.

"Malam, no vex, ka yi haƙuri. Ɗalibanka shida ne kacal. Na'urar za ta wadatar. Ƙarshen zango za mu sallame ka."

Mutum mai shekara hamsin da biyu da 'ya'ya biyar! Ya roƙe ta har da cire hula. Ya ce a haɗa masa da gadin ƙofa, ta ƙi. Ya taka makarantu tara daga Mushin zuwa Ebute Metta, ko'ina aka ce ba a neman malamin tarihi. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ranar ƙarshe na tsaya a bayan ajin. Ya ba su labarin masaƙan Ingila da suka farfasa injuna. Wata ɗaliba, Fiddausi, ta ɗaga hannu.

"Malam, shi kakanka ya fasa injin?"

"Injin yana Ingila. Ina zai gan shi?"

"To me ya yi?"

Ridwanu ya dubi talabijin ɗin.

"Jirgi ya hau ya zo Ikko. Dakon goro ya yi har ya rasu."

Makon jiya na je kasuwar Mile 12 sayen albasa. Ɗan dakon da ya sunkuyo zai ɗaukar mini buhu, sai na ga bakin ƙoshiya ya leƙo daga aljihunsa. Ashe Malam Ridwanu ne. Na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa ya gyara gammo ya ce, "Yaran sun kai yaƙin duniya na farko?"

Na ce sun kai. Na kasa gaya masa cewa sati uku ke nan babu wuta, ba a kunna talabijin ɗin ba.