Ƙafafun Kaka Ba Su Yi Yaji Ba

Yau da likita ta kwance abin awo daga damtsena ta ce, "Hajiya, jininki ya sauka, zuciyarki lafiya lau," sai na ji wata sanyayyar iska ta ratsa ƙirjina. Ban gama hamdala ba fuskar Kaka ta faɗo mini a rai.

Kaka ba ta zumunci a mota. Da an yi la'asar za ta yafa mayafinta mai ƙamshin turaren wuta, ta ja hannuna mu bar Ƙofar Durbi, mu bi lungu-lungu muna gaishe-gaishe. Wata rana, ina budurwa, na sa sabon takalmi mai tsini, sai ga mai keke Napep ya tsaya gabanmu.

"Kaka, don Allah mu hau, takalmin nan ya ci mini ƙafa."

Ta dubi direban. "Wuce abinka, ɗan nan, ƙafafuna ba su yi yaji ba." Sannan ta harare ni. "Ke kuma 'yar gayu, zuciya aiki take so. In kin zaunar da ita, ita ma sai ta zaunar da ke."

Dariya na yi, don a lokacin na ɗauka soyayya kaɗai ke taɓa zuciya. Sai bara, da hawan jini ya kwantar da ni, ina kallon 'ya'yana ina tsoron barinsu ƙanana, maganarta ta dawo. Na rage gishiri, na koma bin lungunanta kowace yamma.

Daga asibitin ma a ƙasa na dawo. Allah ya haskaka makwancinki, Kaka, ya hutar da ƙafafun nan a inuwar Aljanna.