Madarar Gwaggo Ta Yi Ɗaci

Gwaggo kowa ke ce mata a unguwa, har waɗanda suka girme ta. Ba ta haihu ba, auren ma bai yi ƙarko ba, sai ta dawo ɗakin ƙurya a gidan ƙaninta tana janye da jar akuya ɗaya. Daga wannan akuyar garke ya tashi.

Bayan gidan akwai filin gado, busasshe ƙayau, ba abin da ke fitowa sai itatuwan ƙaya. Ita kuwa ta san halin kowanne. Da gora mai ƙugiya take kakkaɓo 'ya'yan gawo, ta sassaro ganyen magarya da na aduwa. Bagaruwa kaɗan take haɗawa, ta ce in ta yi yawa hantsa ƙafewa take. Madararta kauri gare ta, in ta huce maiƙo ya kwanta a sama kamar a yanka da wuƙa. Mai shayin bakin titi da take kai wa madara yakan ce duk ranar da Gwaggo ta makara, ranar asirin shayinsa ke tonuwa.

Da matar ƙanin ta rasu ta bar jariri, da wannan madarar Gwaggo ta raine shi, cokali-cokali. Yaro ya girma ya zama dillalin filaye, ana kiransa Ɗan Awo. Ubansa na kwanta dama ya kawo masu igiya da turaku suka yanka filin gida-gida. Gwaggo ta same shi a zaure ta durƙusa, ita da ta goya shi.

"Ɗana, bar mini ko gawon nan na gefe. Shi ne abincin dabbobina."

"Gwaggo, mai sayen fili ba inuwa yake saye ba. Zan riƙa aiko miki da dusa."

Dusar ta zo, ta zo, ta daina zuwa. Itatuwan suka zama gawayi, katangu suka tashi a gurbinsu. Awaki suka koma bin titi, suna cin kwali da ganyen darbejiya da abin da aka zubar a bola. Madara ta tsinke, ta yi ɗaci, ga wani wari da tafasa ba ta kashewa. Mai shayi ya yi ta kawo uzuri, daga baya ya koma ta gwangwani, in ya hango ta sai ya shiga goge kofin da ya riga ya goge.

Masu sababbin gidajen kuma suka kai ƙara wurin Ɗan Awo cewa awaki na cinye musu furannin ƙofar gida. Ranar ya shigo ɗakinta, bai ko tambayi tarin da ke damunta ba, ya ce tana zubar masa da mutunci a idon mutanen kirki. Washegari ta aika aka kira mahauci, ta sayar masa da awakin.

Mahaucin ya dawo da yamma yana mita, wai an cuce shi: da ya farke cikin babbar akuyar, leda ce dunƙule fal a tumbinta, ga igiya da guntun buhu. Gwaggo ta tambaye shi ko akuyar ta sha ruwa kafin ya yanka. Ya ce bai lura ba. Ta gyaɗa kai, ta ce ya ja mata ƙofa in zai fita.