Matar da Ba Ta Tsallake Sunan Mai Ganga

Ƙarfe takwas take buɗe ɗan ɗakinta na bayan situdiyo, ta goge tabarau da bakin mayafi, ta kunna kwamfutar da ke kuka kamar injin markaɗe. Aikinta ɗora waƙoƙi a manhajojin sauraro. Mawaƙa suna kiranta Anti Dakata, don duk wanda ya shigo da gaggawarsa, kalmar da zai fara ji ke nan.

A kan fom ɗin da ake cikewa kafin a ɗora waƙa take tsayar da mutane. Akwai gurbin sunan mawaƙi, akwai na makaɗa da 'yan amshi. Tun da kaset ya mutu, sai an saurari waƙa a waya ɗan abin da ake samu yake ɗigowa, wanda kuwa babu sunansa a fom ko sisi ba zai gani ba. Wasu tsallake guraben suke yi. Ita kam ba ta tsallakewa, ko sama da ƙasa za su haɗe.

Mu 'yan situdiyon ba mu manta da matashin mawaƙin da ya ɗora muryarsa kan tsohon kiɗan Baba mai ganga ba. Baban ya shekara talatin yana kiɗa, yanzu hannu na rawa, kuɗin magani ya gagara.

"Anti, sa sunana kawai, jibi za ta fita."

"Gangar ita ta kaɗa kanta?"

"Tsohon nan ko waya ba shi da ita!"

"'Yarsa tana da ita. Dakata."

Ya kumbura, ya ce zai kai aikinsa wani wuri. Ta nuna masa ƙofa, gogan naka kuwa bai fita ba. Kwana biyu tana bin lungu-lungu a ƙafa kafin ta samo gidan, ta kwafi sunan daga katin shaida. Waƙar ta yi tashe. Da kuɗin farko suka shigo wayar 'yar, aka sayo maganin. Baba bai tambayi nawa ne ba, cewa ya yi a nuna masa inda aka rubuta shi. Ya daɗe yana shafa gilashin wayar da yatsa.

Anti, ke ce mai taurin kan da muke ƙauna. Kin sha baƙar magana, wasu sun ƙaurace miki, ba ki sauya hali ba. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki saboda idanu sun gaji, mu kuwa wallahi za mu yi kewarki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku da za ku hau kujerarta, in mawaƙi ya tsaya muku a ka yana duba agogo, kafin ku danna ku ɗora waƙar, ku tambaye shi wa ya yi kiɗan.